Ranar da Aka Binne Autarmu a Yashi

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da wata ranar bazara a unguwarmu ta Runjin Sambo a Sakkwato. Zamanin soja ne, kuɗin fetur ya shigo, kowa na rushe ginin ƙasa yana sa bulo. Mu ma tifa ta juye mana tulin yashi a ƙofar gida.

Na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Wata malamarmu Baturiya da za ta koma ƙasarsu ta bar mini littattafan yara masu hotuna, duk na lokacin zafinsu ne. Inna ta ce tunda ba abin da nake yi, in riƙa tara yaran gida a zaure ina nuna musu. Ni kuwa ba ni da haƙuri, har yau ma kaɗan ne.

Muka zo kan wani hoto: yara a bakin teku sun binne ƙaninsu cikin yashi har wuya, kowa na dariya.

"Yaya, mutuwa yay yi?" in ji ƙanena.

"Wace mutuwa? Wasa na."

"Mu ma muna iya yi?"

"Ku tai ku yi, kun ishe ni!"

Na rufe littafi na shige ɗaki na kwanta. Abin da ya tashe ni bayan azahar shiru ne. Gidanmu ba ya shiru. Na leƙa waje, na ga yaran tsaye cirko-cirko a bakin yashi. A tsakiyar yashin kan autarmu ne kawai a waje, 'yar shekara uku. Har faifai sun kifa mata, wai hula irin ta hoton.

Ba ta kuka. Leɓenta ya bushe, idanunta sun juye. Na sa hannu na fara tono, yashin ya ƙone ni kamar toka mai wuta. Wanda ya san ranar Sakkwato ya san abin da nake faɗi. Ina tono yana komawa. Ina kiran sunanta, ba ta amsa ba.

Inna ta fito da gudu ba mayafi, ta fizge ta, ta sheƙa mata ruwan randa. "Wa yac ce ku yi haka?"

Duk suka nuna ni.

Maƙwabcinmu ya kai mu asibiti a motarsa. Ina rungume da ita ina jin zafin jikinta a ƙirjina, ina cewa a raina na kashe ta. Sai da aka ƙara mata ruwa, wajen la'asar, ta buɗe ido ta ce tana son fura.

Na san yashin hoton nan jiƙaƙƙe ne, mai sanyi. Na sani sarai. Faɗin haka ba zai ɗauke ni minti ɗaya ba, ƙyuya ce ta hana ni. Tun daga ranar, in yaro ya tambaye ni ko yana iya yin abu, sai na zauna na amsa masa har ƙarshe, ko da kuwa ya ishe ni.