Gyadar da Ba Ta Zuwa Kasuwa

Babanmu ɗan kasuwar gyada ne a Nguru, kuma yana da doka guda da ba ta lanƙwasuwa: ba ya sayar wa mutum gyada mai lahani. Duk buhun da ya shigo sai an zazzage shi a tabarma an tsince. Mai kyau ta tafi kasuwa. Wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ita ce rabon gida, Inna ta soya ta yi ƙuli-ƙuli da kunu. Zubarwa? Haba! Almubazzaranci ke nan, in ji shi. Shi ya fi kowa ci, yana tauna yana yamutsa fuska don ɗaci.

Ina da 'ya'ya biyu lokacin da gefen cikinsa na dama ya fara ciwo. Aka yi ƙaho, aka sha saiwa, a banza. Idonsa ya yi rawaya, ciki na tasowa, shi kuwa sai ramewa yake. Na kasa zaune na kasa tsaye. Na yi ta masifa har ya yarda na kai shi Gashua, inda maigidana ya san wani likita.

Bayan an ɗauki hoto, likitan ya ja ni gefe. Ya ce hanta tana da wasu ƙananan ƙwayoyi da ke zaman jira. In ta ji rauni, sai jiki ya aika musu saƙo su hayayyafa su cike gurbin. Amma in raunin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, wasunsu kan lalace, su daina jin "ya isa haka". Su ne suka zama ciwon daji a jikin Baba, kuma abin ya riga ya yi nisa. Ya tambayi abin da yake yawan ci. Da na faɗa, ya ce ba zai rantse ba, amma fumfunar gyada na cikin abubuwan da ke cin hanta.

Wallahi haushi na ji, haushin Baba da gaskiyar tasa. A motar komawa na ƙudura ba zan gaya masa ba. Ni da bakina! Ko Jajimaji ba mu kai ba ya suɓuce.

"Baba, gyadar nan ce fa."

Har muka iso bai tambayi sauran kwanansa ba. Muna shiga gida ya sa aka tara mu 'ya'yansa, mu bakwai, har yayana mai gemu. Yana kwance, ya riƙa miƙo hannu yana danna gefen cikin kowa, yana duban fuskarsa.

Da ya zo kaina ya danna, ya sake dannawa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kama sunana ba.

"Uwata, da zafi?"

Na ce babu.

"Ki faɗa mini gaskiya. Ke da hannuna nake ba ki gyadar nan."