Kallamu Mai Tsani

Shekara talatin da ɗaya Kallamu ya yi yana awon gidaje a ma'aikatar magajin garin wata komin, wato ƙaramar hukuma, da ke tsakanin Konni da Illela. A lakwal bai wuce aji shida ba, amma babu gidan da bai san tsawonsa da faɗinsa ba, har da waɗanda masu su suka fi son a manta. Kayan aikinsa biyu ne: igiyar awo, da tsanin katako da yake ɗaurewa a bayan babur.

Bana aka kawo wata manhaja daga Yamai. Takan dubi hoton gari daga sama, ta gane irin rufin kowane gida, ta yanka masa haraji. Takardar da ta rako ta ta ce ba za a yi aiki da ita ba sai mutum uku sun gwada ta sun sa hannu. Biyu sun sa nasu tun kafin a kunna ordinatar, wato kwamfuta, don kada su ɓata wa baƙi lokaci. Na ukun Kallamu ne, wanda aka saka don cike gurbi.

Ya ce a nuna masa unguwarsu. Farida, injiniyar da kamfanin manhajar ya turo, ta danna. Gida goma sha bakwai suka fito a sahun masu jan kwano, rufin manyan 'yan kasuwa. Har da na Inna Sa'a mai daddawa, wadda soronta na ƙasa yake yoyo tun mijinta na da rai.

"Ashe Inna ta yi arziki ba ta gaya mana ba," in ji Kallamu. Ya mayar da biro aljihu.

Magajin gari ya kira shi buro. "Kallamu, a ƙasashe huɗu aka gwada abin nan."

"Ranka ya daɗe, ni a unguwa ɗaya nake so in gwada."

"Ranar Alhamis za a buga hatimi."

"Allah ya kai mu."

Kwana uku ya yi yana hawa soraye, da shekarunsa hamsin da tara da gwiwar da ba ta son wasa. Ranar Laraba ya zo ya ɗauki Farida, ya jingina tsani a bangon Inna Sa'a.

"Baba Kallamu, hoto ba ya ƙarya fa."

"Ban ce ya yi ba, ɗiyata. Riƙe nan, kada ki dubi ƙasa."

Farida ta hau, ta leƙa saman soron. Yankakken tumatir ne a shanye, ja wur, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Lokacin kauɗa ne, matan unguwa kuwa a sama suke shanya saboda awaki. A irin wannan watan aka ɗauki hoton bara.

Daga tsakar gida Inna Sa'a ta ɗaga murya: "Kallamu, ka taka mini kauɗa ka gani!"

"Inna, na'ura ta ce rufinki daidai yake da jan kwanon Alhaji Munkaila."

"To ta zo ta kwana ciki da damina."

Farida ta kira Yamai tana tsaye kan tsani. Alhamis ta wuce ba hatimi. Mako biyu magajin gari yana amsa gaisuwar Kallamu da ka.

Bayan mako biyar gyara ya iso. Gidan Inna Sa'a ya koma na ƙasa, kamar yadda yake tun farko, sauran goma sha shidan ma haka. Aka tura wa Kallamu takarda, magajin gari da kansa ya miƙo biro. Kallamu ya karɓa, ya gode, ya ce kafin nan a ɗan nuna masa gidan Alhaji Munkaila, mai jan kwanon da aka ɗauko daga Sakkwato a mota biyu.

Farida ta danna. Manhaja ta rubuta: soron ƙasa, an shanya tumatir. Alhaji, mutum mai haƙuri, bai kawo ƙara ba.

Kallamu ya ajiye biron a kan takarda, ya fita ya soma ɗaure tsani a bayan babur.

"Baba, ina kuma?" in ji Farida, tana neman takalminta a ƙarƙashin tebur.

"Gidan Alhaji. Zan duba ko kauɗarsa ta bushe."