Kiran da Kaza Ta Hana Zabuwa

Ƙaurin gyaɗar da aka binne cikin toka shi ne yake fara zuwar mini duk lokacin da na tuna gidanmu na Kibiya. Da kaka, bayan sallar isha'i, Iya, mahaifiyar babana, takan hura karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa ƙarƙashin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Shekarun nan ne da rediyon Baba ba ya maganar komai sai Shari'a da zaɓe, amma a gaban wutar Iya dabbobi ne kawai suke da bakin magana.

Ina aji biyar aka ce za a yi gasar Turanci a Rano, kowace firamare ta tura mutum ɗaya. An aiko da haruffa huɗu, i da g da h da t, aka ce a nemo kalmomin da suke ɗauke da su a jere. Ni kuwa ban taɓa zuwa Rano ba sai a mafarki. Kawu ya bar wani tsohon ƙamus marar bango a gidanmu, na duƙufa a kansa kullum bayan makaranta, ina tsinto kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai kalar gyaɗa. Don kada su zube mini, sai na ɗora su a kan waƙar daka: light, night, fight, bright, delight, taɓarya tana sauka a kan kowace. Hansatu, 'yar maƙwabtanmu kuma 'yar ajinmu, turmi ɗaya muke daka da ita. Ita ce mai yi mini amshi.

Ranar da Malam zai fitar da gwani, ina cikin tattaro numfashi Hansatu ta miƙe ta zuba waƙata kaf, har da inda nake jan murya. Aji ya ɗauki tafi. Da na tashi, ba ta bar mini ko ɗaya ba.

"Saude, ai maimaici kike yi, zauna," in ji Malam. "Mun samu 'yar Rano."

A daren nan na ƙi cin gyaɗa. Iya ta dube ni ta ce, "Ke kuma wannan bakin da kika turo, ƙwarya za a rataya a kai?" Na faɗa mata komai ina shessheka. Ba ta lallashe ni ba. Ta daɗe tana tona toka da tsinke, sannan ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Muka ce, "Mu ne, Iya, ta sauka."

Wai Zabuwa ce ta yi ƙwai, ba ta da haƙurin kwanci, ta lallaɓa ta zuba su ƙarƙashin Kaza. Kaza ta kwanta a kansu har ƙirjinta ya tuje, ba ci ba sha. Ranar da suka ƙyanƙyashe, Zabuwa ta zo da kwalliyarta ta zane-zane ta kwashe 'ya'yan, ta zaga gari da su ana ta yi mata barka. Ko sannu ba ta ce wa Kaza ba. To amma akwai kiran da kaza take yi idan inuwar shirwa ta gifta, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin fiffike. Tun suna cikin ƙwai wannan kiran suka sani, Zabuwa kuwa ba ta iya shi ba. Sai ga ta a bakin akurki da ƙwaryar gero.

Iya ta maƙale murya: "Ƙawata Kaza, ɗan koya mini abin nan da kike cewa mana." Ta kumbura kumatu ta zama Kaza: "Wane abu? Ai 'ya'yanki ne, gari duk ya shaida. Kira su da bakinki."

Shirwa ta dinga sauka tana ɗauka ɗaya-ɗaya, Zabuwa tana ihu, 'ya'yan ba su san me take cewa ba. Kaza tana kan danga tana gyara gashinta. Shi ya sa har gobe zabuwa take kwarmato a dawa. "Nan na sauke ta," in ji Iya, idonta a kaina, "mai so ya ɗauka."

Ana jibi gasa sai ga Hansatu a tsakar gidanmu da ƙullin aya a hannu. Ashe Malam ya ce a Rano kowace kalma sai an faɗi ma'anarta da Hausa, ita kuma ta riga ta ce masa ta sani, tana tsoron komawa ta tambaya.

"Saude, don girman Allah ki ara mini ƙamus ɗin Kawu, yau kawai."

Na amsa mata a sanyaye. "Ai waƙarki ce, Hansatu, aji duk ya shaida. Fassara ta da bakinki."

Iya tana gefe tana ɓarar wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Hansatu ta ajiye ayar ta juya; sai da ta kai zaure Iya ta ce, "Ki gaida Innarki. Ɗauki ayarki, haƙoranmu ba su da ƙwari."

A Rano, na ji labari Hansatu ta fassara light da haske, night da dare, daga nan ta tsaya tana kallon ƙasa har aka buga ƙararrawa. Na ga dawowarta a bayan babur ɗin Malam, ta rufe fuska da hijabi. Wani sanyi ya ratsa ƙirjina, daren nan na ci gyaɗa har da rabon ƙanwata. Rano dai ban je ba, turmi kuma kowa ta koma nata. Na girma ina juya abin a raina: mace mai yawan azumi da tasbihi kamar Iya, yaya aka yi tatsuniyarta ba ta da yafiya ko kaɗan?

Ina kwaleji a Kano Iya ta rasu. A kwanakin zaman makoki na tara yaran gida ina ba su labarin Kaza da Zabuwa, sai Goggo Asabe, babbar 'yar Iya, ta katse ni.

"Ke, wa ya ɓata miki ita haka? Tun muna yara Iya take ba mu wannan. Kullum Kaza takan ji tausayi ta koya mata kiran, ko ɗan tsako ɗaya shirwa ba ta samu ba."

Na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Duk wanda ya ji ta kafin wannan daren, ko bayansa, da yafiya ya san ta. Sau ɗaya tak Iya ta sakar wa shirwa 'ya'yan Zabuwa, ranar da aka sa jikarta kuka.