Kyamarar Tsakar Gidan Inna

Aikina a Abuja shi ne koya wa kyamarorin tsaro gane abin da mutum yake yi. Ba su da wayo ko kaɗan, sai an rattaba musu komai: wannan tsayuwa ce, wannan gudu, in kai ya yi ƙasa bai ɗago da wuri ba, to faɗuwa ce. Kowane motsi da danginsa, kamar mai jera kwanuka a kabad.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta ƙi barin gidanmu na unguwar Magajiya a Suleja, sai muka yi yarjejeniya. Zan saka kyamara a tsakar gida, ranar da ta faɗi kuwa za ta tattara ta dawo wurina Gauraka. Ta yarda tana hararata, da sharaɗin ba zan riƙa kallonta ba, na'urar ta turo mini saƙo kawai. Ta ce ita dai ta haifi 'ya ta zame mata 'yar sanda.

Washegarin ranar da na saka ta, da azahar, saƙo ya shigo: an faɗi. Na kira, ba ta ɗauka ba. Ko jaka ban tsaya ɗauka ba, na faɗa motar Suleja ina kuka, fasinjoji suna ba ni haƙuri. Na iske ta tana tsintar shinkafa hankali kwance. Ashe salla ta yi a inuwar mangwaro. Waɗanda suka tsara na'urar ba su san sujada ba, ni kuma da nake yin ta kullum ban tuna ba. Inna ta yi dariya har da hawaye, kafin magariba duk layin sun ji labari.

Na zauna na koya wa na'urar: in akwai darduma, aka fuskanci gabas, aka tsaya, aka sunkuya, aka kai goshi ƙasa, wannan salla ce. Daga nan kullum ina ofis sai in ga saƙo, ana salla. Wallahi har jiran sa nake yi, yana sanyaya mini rai.

Bara sai saƙon ya ɗauke. In lokacin salla ya yi, sai na'urar ta ce ana zaune. Na san Inna ba ta wasa da salla, don haka ranar Asabar na je ban sanar ba. Na same ta kan kujerar roba, ta fuskanci gabas, tana sunkuyar da kai kaɗan a madadin sujada. Gwiwoyinta sun ƙi, ta kuma ɓoye mini don tsoron kada in raba ta da gidanta. Tausayinta ya kama ni har na kasa ƙarasawa ciki.

Da ta sallame ba ta dube ni ba.

"Ban faɗi ba fa," in ji ta.

"Na sani, Inna."

Na durƙusa ina matsa mata gwiwa, tana mita wai hannuna ya yi sanyi. Ƙarshen watan nan ni ce na tattara kayana daga Gauraka.