Saura Talatin da Biyu

Masu cewa taurin kai ne ya fitar da mu daga gidan kulob su ci gaba da cewa, baki ai nasu ne. Ni Roda, shekara ashirin da bakwai ina zaune da mijina Obadiya, ba wanda zai koya mini halinsa. Taurin kai kam yana da shi, har da na sayarwa. Amma a bari in faɗi yadda aka yi tukuna.

Daga Bogoro muka zo Bauchi ina goye da Ƙauna, 'yarmu ta fari. Ya samu aikin shara a wani kulob na manyan ma'aikata a Yelwa, wanda ba zan kama sunansa ba. Aka ba mu ɗaki biyu a baya, ni kuma na kafa tukunyar farfesu a bakin kicin. A bangon zauren akwai wani faifai mai lambobi daga ɗaya zuwa ashirin, manya suna tsayawa a bayan layi suna jifansa da 'yan kibiyoyi uku-uku. A gefensa akwai baƙin allo na rubuta maki. Wata rana mai rubutun bai zo ba, aka miƙa wa Baban Ƙauna alli. Mutumin da ya tsaya a aji shida na firamare, sai ga shi yana ɗebe lissafi kafin masu digiri su gama ƙirga yatsu. Tun ranar alli ya zama nasa.

Ni da ban taɓa jefa kibiya ba na haddace wasannin nan kaf, don ko a kan tuwo zancensu yake yi. Akwai zagayen agogo, na 'yan koyo: ka samu ɗaya, sannan biyu, haka har ashirin, ka rufe da cibiyar faifan. In ka maƙale a bakwai, to a bakwai za ka wuni. Akwai kisa, uban hayaniya: kowa ya jefa da hannun da bai saba ba, lambar da ya samu ita ce gidansa, kuma yana da rai uku. Wanda ya soki siririn zoben da ke bakin gidansa ya zama makashi, sai ya shiga bin gidajen mutane yana zare musu rai. A kan wannan na ga aminai sun yi mako ba sa gaisawa.

Na gasa kuwa shi ne ɗari biyar da ɗaya. Kowa da wannan adadin yake farawa, ana ɗebe abin da ya ci har ya sauka a sifili cif, kuma dole kibiyar ƙarshe ta shiga wancan siririn zoben na baki, mai ninka lamba sau biyu. Mai alli yana tsaye ƙiƙam yana fuskantar faifai, ba tari, ba motsi, ba ya nuna wa kowa inda zai jefa. Kuma kibiyar da ta faɗi ƙasa kafin mai ita ya zo ya zare ta da hannunsa ba ta ci komai ba. Wannan doka kowa ya san ta a kulob ɗin, har ni mai farfesu.

Shekara uku da suka wuce, wata Asabar da la'asar, aka yi wasan ƙarshe na kofi, da baƙi daga wasu kulob cike da zaure. Injiniya Luke, shugaban kulob, ɗan yankinmu kuma dattijo a majami'armu, shi ya kai ƙarshe. Shekara tara yana bin kofin nan bai taɓa shi ba, ga ritaya ta zo. Abokin karawarsa Malam Abdulbaqi ne, wani malamin makaranta daga Ƙofar Ran, mai kunya kamar amarya. Injiniya ya sauko saura talatin da biyu, wato zoben sha shida yake nema. Biyu suka kauce. Ta uku ta shiga, ina tsaye a bakin ƙofa na gani da idona, amma da bakinta kawai ta kama. Yana ɗaga hannu sama, ta sunkuya ta faɗo ƙasa.

Wa ya kula? Tafi, shewa, wani har ya sungumo kofi. Sai da aka lafa aka lura mai alli bai rubuta komai ba.

“Saura talatin da biyu,” in ji shi. “Malam Abdulbaqi, jifanka ne.”

Na ɗaga masa ludayi, na harare shi har idona ya yi zafi, ko waiwaye bai yi ba. Malam Abdulbaqi, bawan Allah, ya yi maza ya ce shi ya haƙura, a bar wa shugaba, ai babba ne. Baban Ƙauna ya ce to madalla, zai rubuta cewa Malam ya janye, amma sifili ba zai fito daga hannunsa ba. Aka ba Injiniya kofinsa a haka, baƙi suna ƙus-ƙus. Kafin Litinin zance ya zaga gari cewa kofin kyauta ne.

Ran Talata takarda ta iso: mako ɗaya, ko Baban Ƙauna ya zo gaban kwamiti ya goge lambar ya rubuta sifili, ko mu bar aiki da ɗaki. Kowa zai iya goge allon nan da gefen riga, amma Injiniya ya sa aka kulle zauren. Hannun Obadiya yake so, don shi kaɗai mutane za su yarda da shi.

Ba zan yi ƙarya ba, na ci wa Baban Ƙauna mutunci a makon nan. Na ce masa 'yar da'ira ɗaya ce fa, ko kaza ta taka gari za ta zana ta. Na tuna masa famfon da ke ƙofarmu, da masu sayen farfesuna, da gwiwarsa da ba ta son tafiya. Dattawan majami'a suka zo, suka ce a bi babba a zauna lafiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo amma ai ba a jayayya da mai ɗakin. Ya ba su ruwa, ya raka su har bakin titi. Da ya dawo na sake tasowa, sai ya ce:

“Maman Ƙauna, shekara ashirin da biyu ba wanda ya taɓa bin bayan lissafina. Ba ni da gona a garin nan, ba ni da takarda. Wannan kaɗai na tara.”

Na ce to ya dafa shi mu ci. Na juya masa baya, amma maganar ta ƙi fita daga raina.

Ranar da wa'adi ya cika ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya ce in zo mu je. Na ce alhamdu, ya sauko. Sai dai muna tafe na tsani kaina da na gane ba murna nake yi ba.

Aka buɗe zaure. 'Yan kwamiti suna zaune, Injiniya a tsakiya da kofinsa a kan tebur, sakatare ya saita waya zai ɗauki hoto. Rubutun allon ya ɗan kwanta saboda kwana da kwanaki. Aka miƙa wa Baban Ƙauna tsumma da alli. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da ladabi, ya ajiye tsumman a kan kujera. Sannan ya bi kan ukun nan da alli a hankali, ya bi kan biyun, ya sake bi, har na bayan zaure ma zai iya karantawa. Ya kaɗe hannunsa, ya ciro makullin zaure da aka ba shi na aikin shara daga aljihu ya ɗora a gefen kofin.

Muna fitowa ya tambaye ni a hankali ko na yi fushi.

“Na yi,” na ce masa. “Amma da ka goge, da ka nemi mai tuƙa maka tuwo.”

Daga nan ban koma ɗaki ba, na miƙe bakin titi neman a-kori-kura da za ta kwashe mana kaya zuwa Fadaman Mada.