Bugun da Ba a Ramawa

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini duk abin da ke cikin kai, na san zai bar mini wata safiya guda a Ketare. A idon mutanen gidan ba wani abin kirki ya faru ba, turmi ne ya kife kaji suka yi biki. Ni kuwa a ranar na fasa komawa ramin da na sha wuya kafin in fito.

Ina kwaleji na fara shan kodin. Wata ƙawata ce ta zuba mini cikin lemu, ta ce yana kawo barci mai daɗi. Dama ni tun ina ƙarama mai yawan mafarki ce, sai in zauna ina kallon gajimare har tuwo ya huce. Kodin ya ba ni mafarki ido biyu, sannan a hankali ya karɓe karatun, ya karɓe kumatuna, ya karɓe yardar mahaifiyata. Bayan na yi jinya a asibiti, aka shawarta a kai ni wurin Gwaggo, yayar babana, a Ketare, inda mai kemis ɗin garin surukinta ne, ko maganin ciwon kai na saya sai labari ya riga ni isa gida.

Zaman ya karɓe ni. Na yi damina a can, na ga gero ya fito, ya yi kai, aka girbe shi, ban kurɓi komai ba. Har na fara jin daɗin kaina. Sai bikin wata ƙawata ya kai ni Kankara. A ɗakin amarya aka miƙo mini lemu, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, tun daga ƙamshin na san abin da ke ciki. Na sha.

Na dawo Ketare kamar wadda ta fasa tulu a ƙofar gida bayan ta ɗauko ruwa daga nesa. Zuciyata ba ta bar ni na huta ba, kullum maganarta ɗaya: duk wahalar nan ta tashi a banza, ke ba mai gyaruwa ba ce, to me ya rage? Har na sami ɗan acaban da ke kai mutane kasuwar Kankara, na ce ranar kasuwa ya biyo ya ɗauke ni da hantsi. A gida na ce lalle zan sayo. Na san ba lalle zan nema ba, kuma na san in na tafi ba lallai in dawo ba.

Ranar kasuwar sai ta zo daidai da suna a gidanmu, matar babban ɗan Gwaggo ta haihu. Gwaggo kuwa ta rantse ba za a ba baƙinta furar inji ba, wai ba ta da ɗanɗano. Da sassafe aka fito da babban turmi tsakar gida. Ɗiyar Gwaggo, taubashiyata, wadda ba ta taɓa kirana da komai ba sai Gimbiya, ta cusa mini taɓarya a hannu.

"Yau dai Gimbiya za ta ci guminta. Gwaggonki ta ce mu ukku za mu yi lugude."

"Ni fa Kankara za ni," na ce.

"Kankara ba ta tashi. Riƙe nan, kada ki riƙe ta kamar alƙalami."

Ga wanda bai sani ba, lugude daka ne na mata biyu ko uku a turmi ɗaya. Wannan ta buga ta ɗaga, waccan ta sauke tata, haka ake zagayawa, sautin yana fita kamar kiɗa. Gwaggo ta fara, taubashiyata ta bi, ni ce ta uku. Da farko abin ya tafi daidai, har taubashiyata tana cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, don dai in ji haushi.

Hannuna yana Ketare amma hankalina yana ɗakin amarya a Kankara. Ina ganin kwalbar, ina ganin fuskar mahaifiyata ranar da za ta ji. Ban ankara ba layina ya wuce, turmi ya yi shiru a wurin da ya kamata a ji ni. Kunya ta kama ni, sai na yi sauri na sauke taɓaryar don in rama. Ashe lokacin na Gwaggo ne. Taɓaren suka gwaru, tawa ta zame ta daki bakin turmi, turmin ya yi tangal-tangal ya kife. Gero ya watse har gindin rijiya. Kaji kamar dama gayyatarsu aka yi.

Taubashiyata ta riƙe ciki tana dariya. "Wayyo Allah! Gimbiya ta raɗa wa kaji suna!"

Ni kuwa na durƙusa ina tattara gero da ƙasa, ina kuka irin wanda ya fi ƙarfin gero. "Gwaggo ki yafe mini. Na ɓata komai. Kullum haka nike, duk abin da na taɓa sai na ɓata shi." Ina faɗi ina maimaitawa, har matan da ke wanke-wanke suka tsaya kallo.

Gwaggo ta tada turminta, ta kakkaɓe, ta ce a ɗebo wani geron. Sannan ta sunkuyo dab da kunnena yadda ba mai ji.

"Ɗiyata, tun ranar da kika dawo daga bikin nan na ga idonki. Na sani."

Na jira faɗa, na jira ta ce za ta kira babana.

"Mi ya kada turmin nan?" ta ce.

"Na kuskure bugu."

"A'a. Kowa na kuskure bugu, ni ma ɗazu na kuskure, ba ki ji ba. Ramawa kika zo yi. A lugude bugun da ya wuce ya wuce, ba a binshi. Ki tsaya da taɓaryarki a sama, naki na zagayowa. Tashi, baƙi na hanya."

Na tashi, hanci na zuba. Muka koma. Wannan karon ban yarda hankalina ya je ko ƙofar gida ba. Bugun Gwaggo, bugun taubashiyata, nawa. Na ji nauyin icen a kafaɗata, na ji ƙamshin citta da kanumfari yana tasowa, na ji rana tana taɓa ƙeyata. Na sake kuskurewa, har sau biyu. Na tsaya, na jira, ya zagayo. Turmi bai ko motsa ba. Wani abu mai sauƙi ya sauko mini a ƙirji, irin wanda na daɗe ina nema a kwalba ban samu ba.

Muna tsakiyar haka aka yi hon a waje, aka ce ɗan acaba na jiran mai zuwa Kankara. Gwaggo ba ta kalle ni ba, ta ci gaba da dakanta. Taubashiyata ta ce, "To Gimbiya, ga motarki."

Na leƙa zaure, gari har gira, na ce, "Malam, yi haƙuri, na fasa."

Taubashiyata ta ɗaga murya daga tsakar gida, "Lallen fa?"

"Hannun nan yau ba na lalle ba ne, duk ya yi kanta."

Bayan suna, Gwaggo da kanta ta raka ni wurin likitana. Na gaya masa komai, bai yi mamaki ba, ya ce mu ɗora daga inda muke. Ba zan ce daga ranar sha'awar ta mutu ba, takan leƙo har yanzu, musamman in raina ya ɓaci. Amma na daina yi wa kaina hukuncin da ko Ubangijina bai rufe mini ƙofa a kansa ba.

Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne, zamewa ɗaya ba ta kai mutum ƙasa kamar yadda ƙin yafe wa kai ke kai shi. Jiya ba ta hannuna, duk kukan da zan yi ba zai gyara ta ba. Abin da nake da shi yau ce kawai, kuma in na tsaya a cikinta da hankalina duka, tana isata.