Shekarar da Hajji Ya Yi Wa Badujalarmu Nisa

Shekaranjiya da na dawo daga jami'a na tarar da mahaifiyata a bakin madafa tana goge tsohuwar butar gahawa ta tagulla da lemun tsami da toka. Ban ko ajiye littattafaina ba. Na tsaya a ƙofa ina shaƙar wannan wari mai kaifi, na tsami da ƙarfe a haɗe, har ta ɗago ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ban san yadda zan gaya mata ba cewa warin ya mayar da ni kan matakalar tsohon gidanmu na Misfala, ina yaro, da begila a cinyata, yatsuna sun yi baƙi ƙirin da guga.

Idan ba ka taɓa zama a Makka ba, wataƙila ka yi mamakin jin cewa ƴaƴan Hausawa sun taɓa yin badujala a garin nan. Mun yi kuwa, da ganguna da begiloli da jajayen huluna. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya kafa ta. Tela ne, yana da ɗan shago a ƙasan gidanmu da keken ɗinki guda ɗaya. Mahaifinsa ya busa begila a badujalar ƴan doka a Kano kafin ya taho aikin Hajji ya zauna, kuma da ya rasu babu abin da ya bar wa ɗansa sai wannan begilar, duk ta lotsa a baki. Kawu ya yi ta zarya wurin shugaban makarantar unguwarmu har aka yarda ya haɗa yara a ƙarƙashin ƴan kashshafa, wato ƴan sikawut.

Ni ban nemi shiga ba. Yaro ne ni mai kunya, idan baƙo ya shigo gida sai in ɓuya bayan littafi. Wata rana ina wucewa ta gaban shagon kawu ya kamo hannuna, ya ce da mahaifiyata, "Yaya, ba ni aron wannan. Tun da aka haife shi yake tara iska a ciki, bai kashe ko kaɗan a magana ba." Ya miƙo mini begila. Sautin farko da na fitar ya yi kama da kukan akuya, har mai wankin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Amma na ji daɗin samun abin da zai yi magana a madadina.

Ba ma kiɗa a cikin unguwa. Kawu ya ce kusa da Harami muke, ganga ba ta da wuri a nan. Ranar Alhamis bayan la'asar sai wani mai kayan miya na unguwarmu ya kwashe mu a akori-kurarsa zuwa wajen Muzdalifa. Wanda ya san wurin a lokacin Hajji kaɗai ba zai gane shi ba. Fili ne fetal, babu kowa, sai tsakuwa da dogayen fitilu a kashe da manyan wuraren ajiye motoci da babu mota ko ɗaya. A nan muke jeruwa. Idan babbar ganga ta buga, duwatsu su mayar mana da amo. Da rana ta kusa faɗuwa kawu ya ɗaga hannu, komai ya tsaya cak, mu yi alwala da ruwan jarka, mu yi magariba a kan ƙasa mai sauran ɗumi.

Duk wannan wahalar saboda gasa ɗaya ce a shekara. A hutun makaranta na lokacin sanyi, ƙungiyoyin yara daga garuruwa kan haɗu a gari ɗaya, bana Jidda, baɗi Madina ko Ɗa'ifa. Makarantarmu ta ba mu sunanta da takardar izini, iyakar abin da take da shi ke nan. Hayar bas, abincin hanya, wurin kwana, takalma, duk a wuyan unguwa suke. Kuma wanda ya ci gasa kofi ake ba shi da takardar yabo, ba a taɓa ba da abin da zai biya ko man mota ba.

Sai unguwarmu ta yi wata al'ada da muke kira ranar ganga. Kowa a cikinmu da Hajji yake rayuwa: manyan yara suna dako a Mina ko su tura keken tsofaffi, iyaye mata suna sayar da tuwo da waina ga alhazai, mu ƙanana muna jagorar waɗanda suka ɓata zuwa masaukinsu. Abin da mutum ya samu a ranar jifa ta ƙarshe ba nasa ba ne, na badujala ne. Har yaran da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, waɗanda suka san ba za su iya wuce shingen bincike su bi mu tafiya ba, suna kawo nasu. A wurin kakata ake tarawa, mahaifiyar kawu, cikin wata kwalla mai zanen furanni da take turawa ƙarƙashin gado. Ita ce kuma ke karɓar fatun awakin layya na unguwa, ta jiƙa su da toka a saman soro, ta kankare gashin, ta shanya, kawu ya ɗaure wa ganguna. Kwana da kwanaki gidanmu na warin fata, maƙwabta na ƙorafi, ita ko a jikinta.

A shekarun farko, kafin in shiga, an ce abin ya tafi sumul. Hajji yana ƙarewa ana shiga sanyi, kafin kuɗin su huce a cikin kwalla an biya mai bas. Abin da babu wanda ya sa a rai shi ne wanda kowa ya sani tun yana goye: Hajji da wata yake tafiya, kowace shekara yana matsowa baya da kwanaki, hutun makaranta kuwa yana nan inda sanyi yake. Tazarar da ta fara da makonni ta zama wata biyu. Lokacin da na iya busa sosai, ta kai wata huɗu.

Wata huɗu kuɗi suna kwance a ƙarƙashin gadon tsohuwa, a unguwar da kowa ya san suna nan, kuma kowa ya san guminsa na ciki. Ina zaune a ɗakin kaka ina karatu nake ganin masu shigowa. Mace ta yi sallama, ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi ƙafa, ta tambayi zafi, sannan ta sunkuyar da kai. Mai gida ya matsa a kan haya. Yaro na asibiti. An kama miji babu takarda. Kaka ba ta taɓa cewa a'a ba. Takan jawo kwalla da ƙafa, ta ce, "Ɗiba, ai naku ne. In Allah Ya hore ki mayar." Wasu sun mayar. Da yawa ba su samu hali ba. Mahaifiyata ma ta shigo wata rana, da lokacin sabunta iƙamata ya yi kuma aikin mahaifina ya tsaya. Na kafa ido a kan littafi kamar ban ji ba. Takardar da za ta ba ni damar bin badujala da kuɗin badujala aka biya ta.

A shekarata ta ƙarshe, sanyi ya fara shigowa, an ce gasa a Ɗa'ifa za a yi. Kawu ya hawo sama bayan azahar da zare a wuyansa, ya durƙusa ya jawo kwalla. Tun daga nauyinta ya gane. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo.

"Inna, ina sauran?"

"Suna cikin unguwa," in ji ta.

"Yaran nan wata nawa suna shan rana a Muzdalifa. Me zan ce musu? Lalaci ne ya shigo, bana ba su kawo kamar da ba."

"Kada ka ɗora wa yara. Sun kawo, a gabana. Hajji ne ya tafi ya bar ka, ya waladi, ɗana, kai kana tsaye wuri ɗaya. Ni kuma ba zan kwana a kan kuɗi ɗan maƙwabciyata na kwance babu magani ba. In kana so ka ɗauke kwallarka."

Bai ɗauke ba. Ya rufe ta a hankali, ya mayar inda take, ya sauka.

Bayan kwana biyu na ga wani mutum da yaransa suna fito da keken ɗinki daga shago. Mahaifina ya tare kawu a bakin ƙofa. Mutum ne mai sanyin magana, amma ranar muryarsa ta ɗaga.

"Malam, abin da kake ci da shi ke nan fa. Za ka sayar saboda kwana biyu a Ɗa'ifa?"

"Na ce musu za su je."

"To baɗi kuma me za ka sayar? Almakashi?"

Kawu ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Baɗi ta Allah ce." Ya kama gefen keken da kansa, ya taya su saukar da shi gangaren, kada ya bugu.

Muka tafi. Bas ta yi ta hawan dutse tana kwana, kunnuwanmu suna toshewa, birai a bakin hanya suna kallon mu. Da muka isa, hazo ya rufe gari, sanyi mai laima irin wanda ba mu sani ba a Makka. Da safe muka sauke ganguna a filin gasa, mai babbar ganga ya gwada bugu ɗaya. Sai muka ji kamar an doki buhun shinkafa. Fatun da kaka ta shanya a busasshen zafin Makka sun sha laima sun saki gaba ɗaya. Sauran ƙungiyoyi ba su da wannan damuwar. Gangunansu na roba ne, masu sheƙi, sun zo a manyan bas-bas da sunayen ƴan kasuwar da suka ɗauki nauyinsu a jiki.

Kawu ya duba hagu da dama, ya hango mai shayi a gefen fili. Ya je ya roƙi kaskon gawayinsa. Muka durƙusa a kewaye, kowa ya kifa ganga a saman garwashi yana juyawa, kawu yana bi yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa yana sauraro. Wani yaro daga ƙungiyar Jidda ya tsaya yana dariya, ya ce da Larabci, "Ku Takari, gasa gangar za ku yi ku cinye?" Mai babbar gangarmu ya ce masa, "In ta nuna za mu ɗiba maka." Ni dai na sa bakin begilata a hammata don kada ya daskare mini a leɓe.

Da aka kira mu, fatun na da ɗumi, sun ɗaure tamau. Ban taɓa jin gangunanmu sun yi irin wannan amon ba, mai zurfi, kamar daga ƙasa yake fitowa. Akwai wurin da kowa kan yi shiru begila ɗaya ta busa ita kaɗai, kuma a shekarar ni aka ba. Na rufe ido na busa. Ba alƙalan gasa nake tunani ba, keken nan nake gani yana gangarawa a hannun mutane.

Mun zo na uku. Badujalarmu ba ta taɓa kai wa nan ba. Aka ba mu ƙaramin kofi, yara suka yi ta ihu a bas har muka fara gangarowa, kawu yana gaba ya rungume kofin. Ranar Alhamis da ta biyo baya ya tara mu a Muzdalifa, babu ganga ko ɗaya a mota. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Na zauna na duba, ba zan iya ba. Baɗi tazarar za ta fi ta bana, ni kuma babu abin da ya rage mini na sayarwa. Ba zan sa iyayenku su zaɓa tsakanin haya da ganga ba." Wani ƙaramin yaro ya tambaya ko za mu ci gaba da zuwa kiɗa ko da babu tafiya. Kawu ya ce za a gani. Mun zo sau kaɗan, sannan ɗaya bayan ɗaya yara suka daina fitowa. Ashe tafiyar ce ke riƙe da mu.

Kawu bai sake mallakar keke ba. Ya yi shekaru yana ɗinki a shagon wani, ana biyan sa a kan kowace riga, har idonsa ya yi rauni. Ban taɓa jin ya ce ya yi nadama ba, ban kuma taɓa jin mahaifina ya sake tayar da maganar ba. Kaka ta rasu. An rushe layinmu na Misfala an kafa dogayen masaukai, muka watse zuwa unguwannin bayan gari, kwallar ma ban san a wace ƙaura ta ɓata ba. Yanzu idan na ga yara a talabijin suna maci da kayan kiɗa masu walƙiya, nakan tambayi kaina wa ya biya musu bas, kuma me ya rabu da shi.

A watan jiya na je gaishe da kawu. Yana zaune a kan darduma, kofin nan yana kan taga ya dushe. Ya ce, "Kai da kake karatu, Hajji ai zagayowa yake yi. Yaushe zai dawo bakin sanyi?"

Na ce da sauran shekara goma sha wani abu.

Ya ƙirga shekarun a ransa yana motsa leɓe. Sannan ya sa hannu a bayan matashi ya zaro begilar mahaifinsa, mai lotsattsen baki, ya ɗora mini a cinya. "Ni ba zan gani ba," ya ce. "Ka dai riƙa goge ta."

Shi ya sa shekaranjiya, da mahaifiyata ta gama da butar gahawa za ta zubar da sauran tokar, na ce ta bar mini, da ɓarin lemun da ya rage.